Kada Ka Goge Waƙoƙin Nan, Ƙanena

Wani bawan Allah ne ya aiko mini da wannan wasiƙa, ya roƙi in sakaya sunansa. Ga abin da ya ce, na ɗan taƙaita:

"Malam, shekarata 36, aikin lissafin kuɗi nake yi, ina da mata da 'ya'ya uku. Tun ina saurayi nake rubuta waƙoƙin yabon Allah da begen Manzo (SAW) a littafi, in sa musu kari da baki, in rera wa iyalina da abokai. Ban taɓa karɓar komai a kan waƙa ba, ban kuma nema ba. Shekara biyu da suka wuce na sayi kwamfuta da makirfo, na koyi haɗa murya da manhaja. Tun daga nan komai ya canja. Waƙa 41 ce a cikin kwamfutar, guda ɗaya tak na gama. Ita ɗin na sa ta a YouTube, yanzu ko a sahu nake sai in ji zuciyata ta tafi wajen yawan waɗanda suka kalla. Ina kai ƙarfe biyu na dare ina gyaran baiti ɗaya, Asuba ta wuce ni a jam'i. Maiɗakina ta saurari wadda na gama, ta ce, 'Ta yi daɗi, amma ba kai ba ne.' Watan jiya wani ya nuna mini manhajar ƙirƙirarriyar basira, na zuba mata baitocina, cikin minti ɗaya ta fito da abin da ya fi aikina na wata uku armashi. Daren nan ban runtsa ba. Ina ganin riya kawai nake yi, kuma ga shi na'ura ma ta fi ni iyawa. Na yanke shawarar in goge komai in huta. Me ka gani?"

Ƙanena, na karanta wasiƙarka har sau uku, kuma abin da zan fara roƙonka shi ne kada ka taɓa madannin gogewa a wannan makon. Shawarar da aka yanke a daren da ba a runtsa ba, ba a aiwatar da ita sai an yi barci an tashi, an kuma yi barci an tashi. Kwashe waƙoƙin nan 41 ka zuba a filas, ka miƙa wa maiɗakinka ta adana, ka ce mata kada ta ba ka sai bayan kwana talatin. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma abin da ke cikin kwamfutar nan ba ruɓewa ya yi ba, tsari ne ya juye maka.

Maganar Asuba ita ce ba ta bukatar dogon bayani, don kai ma ka san amsarta. Waƙar da ke yabon Allah ba ta da ikon hana ka amsa kiransa. Ka san labarin Salmanul Farisi da ɗan'uwansa Abu Darda da ya zo a Bukhari. Abu Darda ya tashi zai raba dare yana salla, Salmanu ya ce masa ya kwanta, sai a ƙarshen dare suka tashi tare, sannan ya gaya masa cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, ransa yana da haƙƙi a kansa, iyalinsa ma suna da haƙƙi, ya ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Annabi (SAW) ya ce Salmanu ya yi gaskiya. To in an hana sahabi kwana yana nafila saboda haƙƙin jikinsa da na matarsa, ina ga kwana ana jan murya da linzamin kwamfuta? Sa wa kanka lokacin rufewa, ƙarfe goma da rabi ko sha ɗaya, ka riƙe shi kamar yadda kake riƙe lokacin rufe littafin kuɗi a wurin aiki. Ba ma asara za ka yi ba. Kunnen da ya yi awa uku da abin sauraro a toshe ya riga ya gaji, ba ya bambance mai kyau da marar kyau, shi ya sa gyaran ƙarfe ɗaya na dare in ka saurare shi da safe sai ka ji kamar wani ne ya shigo ya ɓata maka aiki.

Yanzu bari in zauna a kan maganar maiɗakinka, don a duk wasiƙarka babu jimlar da ta kai ta daraja. Ba ta san sunan manhaja ko ɗaya ba, amma ta shekara da shekaru tana jin muryarka a ɗaki, kuma da aka kawo mata wata murya mai santsi da sunanka a kai, nan take ta gane an musanya mata. Gaskiyarta. Zan gaya maka yadda musanyar take faruwa, don in ka ga hanyar da ɓarawo ya bi ka fi sanin inda za ka toshe.

Manhajar da ke gyara murya, wadda aka fi sani da Auto-Tune, ta fito a 1997. Wanda ya ƙirƙiro ta, Andy Hildebrand, injiniya ne da ya yi aikin nazarin amon da ake aikawa cikin ƙasa don gano inda mai yake, sai ya juyo da wannan lissafi kan muryar ɗan Adam. Aikinta guda ne: ta auna tsayin sautin da ka fitar, ta duba matakala mafi kusa a cikin jerin da aka ba ta, ta ja muryarka ta ɗora a kai. Jerin nan kuwa, in ba ka canja shi ba, na fiyano ne, wanda ya raba tazarar da ke tsakanin sauti da ninkinsa gida 12 daidai wa daida. Amma muryar mai bege ba a kan matakala take tafiya ba. Tana gangarowa daga wannan sauti zuwa wancan a hankali, tana ɗan rawa a ƙarshen ɗango, tana tsayawa a wani wuri da ke tsakanin madannai biyu na fiyano, inda babu madanni sam. Wanda ya taso yana jin ƙira'a da ƙasidu, kunnensa cike yake da irin waɗannan sautuka na tsakani. Ba ƙaramin al'amari ba ne: a babban taron kiɗan Larabawa da aka yi a Alƙahira a 1932, masana sun yi ta jayayya a kan ko za a iya daidaita waɗannan sautuka a kan ma'auni guda na kashi 24, da kuma ko fiyano zai iya ɗaukarsu. Abin da ya gagari manya su daidaita a zaure, shi ne manhajarka take yanke wa hukunci cikin ƙiftawar ido, ta kira shi kuskure, ta goge. Duk inda muryarka ta karye don zuciyarka ta motsa, nan ne take ganin aiki ya same ta. Garin gyaran gira sai aka rasa ido.

Haka lokaci ma. Allon manhajar a zane yake da layuka, kuma in ka buɗe sabon aiki za ka tarar an riga an raba maka shi bugu huɗu-huɗu. Akwai umarnin da ke jawo kowane sauti ya zauna a kan layi mafi kusa. Tsarin MIDI da aka fito da shi a 1983, wanda har yau shi ne harshen da kayan kiɗa na lantarki suke magana da juna, abin da ya sani game da sauti shi ne lambarsa daga 0 zuwa 127, ƙarfin bugunsa, lokacin da ya fara da lokacin da ya tsaya. Bai san kalma ba. Kai kuwa waƙarka a kan kalma aka gina ta, kuma kalmar Hausa tana da nata lokacin tun kafin ka sa mata kari. Gaɓa mai nauyi da marar nauyi, dogon wasali da gajere, hawa da saukar murya, su ne ke raba "gari" da ake zama a ciki da "gari" da ake tankaɗewa, su ne ke raba "suna" da ake raɗa wa jariri da "suna" na suna zuwa.

Wannan ni ma ya taɓa kama ni, kuma har yau ina tuna daren. Ina da wata 'yar waƙar roƙo da amshinta yake cewa, "Ya Rabbi ka ji mu, ka dube mu." Da baki na shekara ina rera ta lafiya lau. Da na ɗora ta a kan allon manhaja, sai na ga in na ja "ka" ɗin farko ya cika bugu guda, komai ya zauna cas a kan layi, idona ya ji daɗi. Na ja shi, na kuma ɗaga shi sama don ya dace da sautin da ke ƙasa. Na kunna wa mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, tana zaune a kan darduma da carbi a hannu. Ta saurara har amshin ya zagayo sau biyu, sannan ta ɗaga hannu ta ce in tsayar. Ta ce, "Kai, roƙonsa kake yi ko labari kake ba shi?" Ban gane ba sai da ta maimaita mini da bakinta. "Ka ji mu" da gajeren "ka" mai saukar murya roƙo ne, bawa ne ya ɗaga hannu. "Ka ji mu" da dogon "ka" mai hawa kuwa sanarwa ce, wato ka riga ka ji mu, magana ta ƙare. Da ɗan jan linzami na mayar da addu'a ta zama rahoto, kuma na saurare ta fiye da sau hamsin ban ji ba, saboda da ido nake aiki, kunnena na can a ajiye.

Ina kyautata zaton irin wannan ne ya cika waƙoƙinka arba'in da suka maƙale. A da kalma ce ke fara zuwa maka, ka yi ta juya ta a baki a hanyar aiki har kari ya fito daga cikinta, sannan ka rubuta. Yanzu kana fara buɗe allo, ka zaɓi sauri, ka shimfiɗa sautukan ƙasa, sannan ka dawo kana neman yadda za ka cusa kalmomin a ramukan da suka rage. Waƙar da aka haifa ta wannan hanya ba ta gamuwa, domin kullum akwai inda take ɗingishi, kai kuma ba ka san daga ina ba, sai ka ƙara amsa-kuwwa, ka ƙara murya ta biyu da ta uku, ka sake sauraro, ɗingishin na nan. Khalilu ɗan Ahmad, malamin Basra na ƙarni na 8 da ya fitar da ilimin aruli, ba shi ya ƙirƙiro karuruwa 15 da ya lissafa ba. Waƙoƙin ya tarar a bakin mutane, ya saurara, ya ciro ma'aunin daga cikinsu. Ma'auni bayan waƙa yake zuwa.

Saboda haka ga abin da nake so ka yi idan kwana talatin ɗin sun cika. Zaɓi uku kacal daga cikin arba'in, waɗanda kake iya tuna amshinsu ba tare da ka kunna komai ba. Koma da baitocinsu kan takarda da hannunka. Karanta kowane ɗango da ƙarfi kamar magana kake yi, ka ji inda murya ke hawa da inda take sauka, inda wasali ke ja da inda yake tsinkewa, sannan ka rera, ka tabbata karin bai yi faɗa da maganar ba. Ba dole ne kari ya bi hawa da saukar kowace gaɓa ba, mawaƙa na karya wannan kullum kuma kunne na yafewa, amma tsawon wasali da wuraren da ma'ana za ta juye, nan ba a sassauci. Kada ka buɗe kwamfuta sai ranar da za ka iya rera waƙar daga farko har ƙarshe a tsaye, ido rufe. Ranar nan ka tsaya kamar taƙi ɗaya daga makirfo, a ɗakin da ke da labule da katifa don su shanye amo, ka naɗe ta gaba ɗaya sau uku ba tsayawa, ba tare da ƙararrawar ƙidayar bugu a kunnenka ba. Ɗauki wadda ta fi motsa ka a cikin ukun, ko da akwai inda numfashi ya ɗan gaza. In akwai sauti ɗaya ko biyu da suka kauce ƙwarai har suna cizon kunne, gyara su da hannu, su kaɗai. In kuwa dole sai ka kunna mai gyaran murya a kan duka, rage saurinsa sosai yadda zai bar gangarowar muryarka ta wuce kafin ya taɓa ta. Kayan aikin ba su da laifi. Audacity, manhajar naɗar murya wadda kyauta ce tun fitowarta a 2000, ta ishe ka wannan aiki har ta yi yawa.

Littafinka na da yana da wata baiwa da kwamfuta ba ta da ita: shafi yana ƙarewa, tawada tana bushewa. Manhaja ba za ta taɓa ce maka ya isa ba. Kai ne za ka sa ranar gamawa, ka faɗa wa wani ya riƙe ka da ita.

Sai batun riya, wanda na san shi ne ya fi ci maka rai. Ba zan ce maka babu ita ba, don ni ban ga zuciyarka ba, kuma mutumin da tunanin lambobin YouTube ke biyo shi har cikin sahu yana da dalilin tsorata. Tsoron nan ma alheri ne, kada ka yi fatan ya tafi. Amma maganin da ka zaɓa ba magani ba ne. An ruwaito daga Fudailu ɗan Iyad cewa barin aiki saboda mutane riya ne, yin aiki saboda mutane shirka ne, ikhlasi kuwa shi ne Allah ya kuɓutar da kai daga duka biyun. Duba da kyau: in ka goge waƙoƙin nan don kada a yabe ka, har yanzu mutane ne a tsakiyar lissafinka, juya musu baya kawai ka yi. Kuma shaiɗan ba shi da asara in bakin da ke ambaton Allah ya yi shiru da sunan tsoron Allah.

Akwai kuma bambanci tsakanin wanda ya yi aiki don a yabe shi da wanda ya yi aiki sannan yabo ya zo ya same shi ya ji daɗi. A Sahihu Muslim, Abu Zarri ya ruwaito cewa an tambayi Annabi (SAW) game da mutumin da ya aikata alheri mutane suka yabe shi a kai, sai ya ce wannan bushara ce ta gaggawa ga mumini. Kai ka shekara fiye da goma kana rera wa mutum biyar a ɗaki ba ka gaji ba. Mai neman suna ba ya wannan haƙurin. Abin da ya same ka daga baya shi ne ka ajiye niyyarka a gaban wata na'ura da aka ƙera musamman don ta riƙa dawo da mutum yana leƙe. Lambar nan da ke ƙaruwa da ɗaya-ɗaya, da jan ɗigon da ke sanar da kai an yi sharhi, ba don kai kaɗai aka yi su ba, an yi su ne don su kama kowa, kuma suna kamawa. To ka yi nesa da su kamar yadda mai azumi ke nesa da madafa. Cire manhajar duba lambobin daga wayarka. In za ka sa wata waƙa nan gaba, sa ta ka fita, ka sa wa kanka rana ɗaya a wata da za ka duba, ko ka ba wani amintacce ya riƙa kula da shafin. Sannan ina so ka ware waƙa guda, ka zuba mata duk iyawarka, ka ƙudurta cewa ba za ta taɓa fita daga gidanka ba. Yadda ka ji a ranka lokacin da kake wahala a kan wadda ba mai gani, shi zai gaya maka gaskiyar niyyarka fiye da duk abin da ni zan faɗa.

Kada kuma ka ɗauka ƙawata aiki shi ne riya. Annabi (SAW) ya saurari karatun Abu Musal Ash'ari, ya ce masa an ba shi sarewa daga sarewun iyalan Dawuda. Wannan a kan karatun Alƙur'ani ne, wanda waƙarmu ba ta kama ƙafarsa ba, amma ya nuna cewa kyan murya kyauta ce da ake ambata da alheri. Hassanu ɗan Sabit kuma a cikin masallaci yake rera baitocinsa. Mai yabo ya kyautata yabonsa, wannan ladabi ne ga wanda ake yabo.

Ba ka tambaye ni hukuncin kayan kiɗa ba, ni ma ba mai fatawa ba ne. Saɓanin tsoho ne: mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana yawancinsu in ban da duffi, Ibn Hazm na Andalus ya halatta, Imam Gazali ya ware babi guda a Ihya'u ya yi bayanin sharuɗɗan sauraro. Abin da kawai zan ce shi ne, sautin garaya ko fiyano da ya fito daga manhaja, ka kai shi gaban malamin da ka amince da shi kamar yadda za ka kai na hannu, kada ka ɗauka shigarsa kwamfuta ta fitar da shi daga tambaya. Mutumin da ke aiki da ƙaiƙayi a zuciya ba ya gama waƙa.

To, ga na'urar da ta hana ka barci. Na yarda abin da ta fitar ya fi naka sheƙi. Dole ya fi. Irin waɗannan manhajoji an horar da su ne a kan tarin waƙoƙin da ƙwararru suka naɗa a manyan sitidiyo, har ma a watan Yunin 2024 kamfanonin Universal da Sony da Warner suka maka Suno da Udio, masu irin waɗannan manhajoji, a kotu a Amurka, suna zargin an yi amfani da waƙoƙinsu wajen horon ba da izini ba. Wato ka ɗauki aikin mutum ɗaya mai makirfo ɗaya bayan ya taso daga ofis, ka auna shi da matsakaicin aikin dubban masu sana'a. Amma sake kunna ta, wannan karon ka rufe ido ka bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Saurari yadda ta furta ƙ da ɗ da ts, saurari inda ta ja wasali. Ka nemo "ka ji mu" ɗinka a ciki, ka ji ko roƙo ta yi ko rahoto.

Ko da ma ranar za ta zo da za ta furta komai daidai, kuma mai yiwuwa ta zo, tambayar da ta shafe ka ba ta canja ba. Kai ba kayan sayarwa kake haɗawa ba da za a ce wani ya fi ka araha da sauri. Ka ce yabo kake yi. Hadisin farko a Bukhari ya ce ayyuka da niyya suke, kuma na'urar nan ba ta nufi kowa da komai ba. Ba ta taɓa yin laifi ta ji kunya ba, ba ta taɓa zama a bakin gadon yaro mai zazzaɓi tana kiran sunan Allah ba. Lokacin da ta rera "Ya Rabbi", lissafi ne ya nuna mata cewa wannan sautin ne ya fi dacewa ya biyo wancan. Wata ukun da ka yi kana juya baiti ɗaya a baki, kana neman kalmar da ta dace da girman wanda kake kira, wannan juyawar ita kanta ambato ce, kuma ba ta cikin fayil ɗin da za a kwatanta. Ban hana ka taɓa manhajar ba. In kana so ka ji yadda amshi zai kasance da muryoyi da yawa kafin ka tara mutane, gwada. Sharaɗi ɗaya ne: duk abin da ita ta rera, in zai fita waje, ka faɗa cewa ita ce. Waƙar yabo da aka ɗora a kan ɓoye gaskiya ta rushe tun daga tushe.

Game da kasancewarka mai aikin lissafi da ke waƙa da dare, kada wannan ya sa ka raina kanka. Alexander Borodin na Rasha malamin kimiyyar sinadarai ne, a lokacin hutu da ranakun rashin lafiya yake rubuta kiɗa, ya shekara 18 a kan babban aikinsa guda, ya rasu a 1887 bai gama ba, abokansa ne suka ƙarasa. Na kawo shi ne don abu biyu: wanda ba da waƙa yake ci ba yana da 'yancin da mai sana'a ba shi da shi, ba mai matsa masa ya fitar da abin da kasuwa ke so, amma kuma ba mai matsa masa ya gama, sai in shi ya matsa wa kansa.

Abu na ƙarshe na ma'ajiya ne, kuma ka san muhimmancinsa fiye da ni tunda aikinka ne. Fayil ɗin da manhaja ke ajiye aikinka a ciki, ita kaɗai ke iya buɗe shi. A watan Agustan 2024 kamfanin da ke yin Finale, manhajar rubuta kiɗa da aka shekara 35 ana amfani da ita, ya sanar da cewa ya daina, mutanen da suka tara aikin rayuwarsu a cikinta suka shiga fafutukar kwashewa zuwa wani tsari. Don haka duk waƙar da ka gama, fitar da muryarka tsura a tsarin WAV, ba MP3 kaɗai ba, don shi MP3 yana zubar da wani ɓangare na sautin don ya rage nauyi. Ajiye ta wuri biyu ko uku. Baitocin kuwa su koma littafi da rubutun hannunka, da kwanan wata a ƙasan kowace, sannan ka koya wa 'ya'yanka amshin su riƙe a ka.

In ka gama ta farko a cikin ukun, kada ka kunna wa maiɗakinka ta lasifika. Zauna kusa da ita bayan Isha'i, yara na nan, ka rera mata da bakinka kamar da. Bayan nan sai ka kunna wadda ka naɗa, ka tambaye ta ko mutum ɗaya ta ji. Ka rubuto mini abin da ta ce. Allah ya tsarkake mana niyya, ya tashe ka Asuba a sahun farko.